Jerin ayyukan manhaja ya yi tsawo, ta ina za a fara?

Malam, ka ce jerin ayyukanku ya cika maƙil har kun rasa na ɗauka. Ku fara da shara. Abin da ya yi wata shida ba wanda ya tambaye shi, ni dai gogewa nake yi. In da amfaninsa zai dawo da ƙafarsa.

A tsarin Scrum, wato wata hanyar gudanar da aikin manhaja, mutum ɗaya ne ke da alhakin jera ayyukan, ba kwamiti ba. Waɗanda ke saman jerin, ku zauna da masu rubuta manhajar ku farfasa su. "Gyara shafin shiga" ya yi faɗi. Rubuta "mutum ya iya sauya kalmar sirri ta imel", kowa ya san ranar da ya ƙare. Na ƙasa ku bar su a dunƙule tukuna.