Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan masu farin kaya

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko kana da ikon neman katin aiki daga wanda ya zo maka da farin kaya ya ce shi polis ne. Kana da shi. Ni sai da na yi asarar sefa 30,000 kafin na san haka.

Ina shagona na wayoyi a Garwa, gab da magariba, mutum biyu suka shigo. Ɗaya ya buɗe walat ya rufe nan take, ƙyallin leda kawai na gani. Suka ce na sayi wayar sata, in ba a gyara magana a nan ba, a sel zan kwana. Hannuna na rawa na ƙirga musu kuɗin. Washegari na je komisariya, wato ofishin polis, aka duba rajista, babu ƙara a kaina, babu wanda aka aika. Har yau abin yana ci mini rai.

Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005, sashe na 31, ta ce mai kama mutum sai ya bayyana ko shi wane ne, ya faɗi dalilin kamun, kuma in da buƙata a bar wani ya raka ka ya ga inda aka kai ka. Sai fa wanda aka kama dumu-dumu yana cikin laifi, shi nasa daban ne. Binciken gida kuwa, a ƙa'ida ba a fara shi tsakanin ƙarfe 6 na yamma da 6 na safe. Ku gaya wa iyalanku wannan, don sau da yawa sai maigida ba ya nan ake buga ƙofa.

Shi kuma mai sojan gona, sashe na 216 na kundin hukunci na 2016 ya tanadar masa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5.

Amma don Allah kada ka ɗaga murya, wataƙila na gaske ne. Ka ce, "Shef, a yi haƙuri, in ga katin." Ka karanta suna, ka dubi hoton, ka dubi fuskar. In ya hana, ka kira maƙwabcinka, ka ce ku tafi komisariya ko birgad, wato ofishin jandarma, tare, kowa a babur ɗinsa, kada ka shiga motarsu. A nan na bogi yake fara neman hanyar fita.

Ka ajiye 117 na polis da 113 na jandarma a wayarka. In polis na gaske ne ya nemi kuɗi a hannunka, 1500 za ka kira.