Motar roba ta haɗawa: me ya sa gilashin ya yi fari, fentin ya yi yashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya dawo daga tafiya ya kawo mini tsarabar wani kwali na kamfanin Tamiya, da hoton Toyota Land Cruiser a jiki, an rubuta 1/24. Na ɗauka haɗaɗɗiyar mota ce. Da na buɗe sai na tarar da gutsattsarin roba maƙale a jikin wasu sanduna. Na haɗa da sufa gulu, gilashin gaba ya yi fari fat. Na fesa fentin gwangwani a tsakar gida bayan azahar, ya bushe da kaushi kamar an barbaɗa yashi. Duk da haka abin ya shiga raina. Ina na kuskure? Kuma ya dace in fara tara irin waɗannan motoci? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ba kasafai nake samun wanda ya taɓa wannan aiki a yankinmu ba. Kuma kada ka karaya. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langalanga yana yaro, ya yanka tsohon silifa ya yi mata taya, yana da hannun aikin nan tun tuni. Abin da ya rage masa shi ne ya san halin robar da halin garinmu.

Lambar 1/24 da ka gani tana nufin an rage motar gaske sau 24. Motar da tsawonta ya kai mita 4.8 za ta dawo santimita 20, wato kusan taƙi ɗaya. Kamfanonin Japan da na Turai sun fi yin wannan awo, na Amurka kuma irin su AMT sun fi sabawa da 1/25. Tamiya ɗin da ke hannunka a birnin Shizuoka na Japan yake, ya fara ne a 1946 da harkar katako kafin ya koma roba, kuma garin nan ne gidan kamfanonin Aoshima da Fujimi masu yin irin wannan kaya. Yayanka ya iya zaɓe, domin kayan Tamiya sun yi suna wajen zama daram, gutsure yana shiga gurbinsa ba tare da kokawa ba. Kada ka haɗa su da irin Hot Wheels ko Maisto, waɗannan na ƙarfe ne kuma a haɗe suke zuwa.

To, batun gilashi. Sufa gulu yana fitar da wani tururi lokacin da yake bushewa, tururin nan ne ke sauka a kan roba mai haske ya bar farin tabo, musamman inda yatsanka ya taɓa ya bar maiƙo. Idan kuma ka rufe bodin a kai, tururin ya rasa hanyar fita, sai ya bi gilashin gaba ɗaya. Gam ɗin da aka yi domin wannan aiki daban yake. Ruwa ne tsararo, yana ɗan narkar da fuskar robar, gutsure biyu su cuɗe su zama ɗaya kamar walda. Tamiya na da irinsa a 'yar kwalba mai koren murfi da siririn buroshi a ciki. Ba shafawa ake yi ba: ka haɗa gutsuren biyu da hannu tukuna, ka ɗiga bakin buroshin a layin haɗin, za ka ga ruwan ya bi layin da kansa a guje. Ka riƙe kamar daƙiƙa 30, shi ke nan.

Amma ko wannan kada ya kusanci gilashi, domin shi ma zai ci shi. Gilashi da fitilu farin gam na kafintoci suke so, irin Top Bond da ake samu a kowane shagon kayan gini. Ka ɗebo kaɗan da tsinken sakace, ka bi gefe-gefe. Fari yake zuwa, idan ya bushe ya zama garau, wanda ya yi yawa kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Naka da ya riga ya yi fari, idan tabon bai yi zurfi ba, ka ɓalle shi a hankali, ka jiƙa sanfefa mai lamba 2000 ka goga cikin ruwa, sannan ka bi da makilin fari a kan tsohuwar singileti mai laushi. Zai ɗauki lokaci, amma na sha ceto gilashi ta haka. Wani abu kuma: sassan da aka yi wa rufin azurfa mai ƙyalli, irin bamba da madubi, gam ba ya kama su sai ka kankare wurin haɗin da reza har robar ta fito.

Fenti shi ne inda garinmu ke gwada mutum, kuma a nan nake son ka fi natsuwa. Takardar da ke cikin kwalin ba ta san Gombe ba. Abin da ya same ka shi ne ka fesa cikin zafin rana, ƙila kuma daga nesa, sai ƙwayoyin fentin suka bushe a iska kafin su sauka, suka zauna a jikin motar kamar tsakuwa maimakon su kwanta su haɗe. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Bauchi da Gombe, wannan kusan dole ne. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ka fesa ka juya baya ka dawo ka tarar da ita ta zauna a kan bonet. Tsakiyar damina ma da nata: danshi kan sa fenti ya yi hazo-hazo ya rasa sheƙi. Ni dai a wurina babu kamar kaka, wajen watan Oktoba, ruwa ya ɗauke, buji bai iso ba.

Ga yadda nake yi a nan Bauchi. Da farko ina wanke bodin da ruwan sabulu, domin akwai ɗan maiƙon da ke biyo shi daga masana'anta, in bar shi ya bushe da kansa. Ina lanƙwasa hangar waya in ɗora shi a kai don kada hannu ya taɓa. Da sassafe, bayan an idar da asuba gari ya ɗan yi haske, kafin yara su fara shara, nakan yayyafa ruwa a ƙasan baranda ƙura ta kwanta. In girgiza gwangwanin minti biyu cur. Tazara tsakanin santimita 20 zuwa 30, in fara fesawa kafin in kai kan motar, in wuce ta kafin in ɗaga yatsa. Shafin farko siriri ne har ana hango robar ta ƙasa, kuma a nan ne zuciya ke cewa ƙara. Kada ka ƙara. Ka kife babbar robar wanki a kai, ka sa 'yan duwatsu a ƙasan bakinta don wari ya fita, ka ba shi minti 15, ka dawo ka sake. Shafi uku ko huɗu haka sun fi ɗaya mai kauri da zai zubo ya cike layin ƙofa. Bayan nan ka manta da ita mako guda.

Da wuya ka samu fentin kamfanin Tamiya ta hanyar oda, saboda gwangwanin feshi da ruwan gam suna kama wuta, masu jigilar jirgin sama ba sa son ɗaukarsu. Dole ka koma ga na kasuwa. Amma wasu fentocin mota suna da zafi, suna cin wannan roba ta yi yamutsa kamar fatar tsoho. Saboda haka kada ka jefar da sandunan da gutsattsarin suka zo a jiki, su ne wurin gwaji. Ka fesa a kansu yau, ka duba gobe. Ka kuma fara da fentin shimfiɗa mai ruwan toka kafin launi, yana kare robar, yana nuna maka inda ke da rami ko karce. Fetur da tinar masu fentin mota da ruwan goge jan farce, duka ukun suna narkar da ita, kada ka yi wanki da su. Kaushin da ke jikin taka yanzu sanfefa mai lamba 600 sannan 1000 za su sauke shi, a jiƙe, sai ka sake fenti. Ka yi aikin a inda iska ke shiga, ka ɗauke reza da gam daga inda ƙananan yara ke kaiwa.

Wajen cire gutsure daga sanda, kada ka murɗe da hannu. Abin yanke farce ya isa, ka yanke nesa kaɗan, ka share saura da sanfefa. Sitikun kuma na ruwa ne: ka yanko ɗaya, ka tsoma a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 15, ka zamar da shi daga takardarsa zuwa jikin motar, ka danne da auduga.

Batun tarawa, ina goyon baya, amma da sharaɗi. Kada ka shige ta da nufin riba. Haɗaɗɗiyar mota ba ta cika tsada a hannun masu saye ba, tsohon kwalin da ba a buɗe ba suke bi, su ɗin ma a ƙasashen waje suke. Kuma da tsadar dala a yau, kada ka sayi na biyu sai ka gama na farko. Tara kwalaye a ɗakin kwano asara ce: zafi na lanƙwasa bodi, sitiku su bushe su tsage, gara ta ci kwali, tayoyin ma wani lokaci su manne da robar da ke kusa su bar mata tabo. Idan za ka ajiye, ka naɗe tayoyin a takarda daban, sitikun ka sa a leda cikin littafi, kwalin ya zauna a kabad nesa da rufi da bango. Wadda ka gama kuma ta shiga akwatin gilashi, inda ranar taga ba ta dukanta.

Shawarata ka tara motocin da idonka ya sani. Ferrari tana da kyau, amma ba ka taɓa ganin yadda take tsufa ba. Land Cruiser da Pajero da Hiace da Hilux kuwa duk ana yin su a wannan awo, kuma kullum suna gabanka a hanyar Dukku ko ta Biu. Ka tsaya a tasha ka kalli inda laka ke taruwa a bayan taya, da yadda ƙura ke kwanciya a gilashin baya ban da inda waifa ta share. Ka ɗebo ƙasar nan ta gefen titi, ka tankaɗe ta da rariya mai laushi, ka dama da ruwa da ɗigon farin gam, ka shafa a ƙasan motar da tsohon buroshi. Lambar da ta zo a kwalin ka ajiye ta, ka je shagon kwamfuta a buga maka ta Gombe a ƙaramar takarda, faɗinta kada ya wuce santimita ɗaya da rabi, ka liƙa gaba da baya.