Gano tsakiyar tulu a kwamfuta

Malam, ka ce ka tara lambobin kusurwoyin tulun da ka zana, ka raba da yawansu, sai tsakiyar ta karkata wajen wuya. Dole ne, ai can ɗigogin suka cunkushe. Ni ma na sha wannan ina ɗalibi a Bauchi.

Jikin tulun a kwamfuta ƙananan alwatika ne aka harhaɗa. Kowace alwatika, mai kusurwoyi a, b, c, haɗa ta da ɗigon sifiri, wato (0, 0, 0), ta zama ƙaramar dala. Girmanta (wato yawan cikinta) a·(b×c)/6, tsakiyarta (a+b+c)/4; a nan · da × ninkin vector ne, wato dot product da cross product, ba ninki na yau da kullum ba. Ninka girman kowace dala da tsakiyarta, ka tara duka, ka raba da jimillar girman. In girman wata dala ya fito da alamar ragi, kada ka jefar da alamar, ita ke soke rarar. Amma fa sai ka toshe bakin tulun, in akwai ɓula lissafin ya rushe. A Python, center_mass na trimesh, manhajar sarrafa irin waɗannan zane-zane, zai hutar da kai.