Hukuncin alaben da aka yi da fatar kifin hagfish

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi. Cikin kayan da aka aiko mini ta Kotono akwai alabe da bel, aka ce daga fatar wata dabbar teku mai cin mushe aka yi su. Ya halatta in sayar, in kuma yi salla da su a jikina?

AMSA: Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Ɗan'uwa, dabbar nan ita ce hagfish. Doguwa ce mai santsi, tana ɗan kama da gaiwa, sai dai ba ta da muƙamuƙi, ba ta da ɓawo, idonta ma da ƙyar yake bambance haske da duhu. Tana da ƙoƙon kai na guringuntsi amma babu cikakken ƙashin baya, abin da ya daɗe yana rikita masana. Masanin rarrabe halittu Linnaeus a 1758 cikin tsutsotsi ya jefa ta. Yau ana lissafa ta cikin kifaye marasa muƙamuƙi, nau'inta ya haura 70. A ƙasan teku take zaune, tana kutsawa cikin mataccen kifi ta ci daga ciki. In aka cafke ta sai ta saki yauƙi mai yawa da ke toshe wa maharin hanyar numfashi, sannan ta ƙulle jikinta ta zame. A Koriya ana gasa ta a ci, fatar kuma a jeme.

To, ko masana sun kira ta kifi ko tsutsa, a mazhabarmu ta Malikiyya hukunci bai rataya a kan wannan ba. Abin dubawa shi ne a ruwa take rayuwa. Allah ya halatta mana farautar teku da abincinsa a Suratul Ma'ida, aya ta 96. Kuma Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Saboda haka ba ta bukatar yanka, fatarta mai tsarki ce tun kafin jima. Cin mushen da take yi bai haramta ta ba. Tarwaɗarmu me ta bari?

Hanafiyya sun taƙaita halalcin ci ga kifi kaɗai, amma kai ba ci ka tambaya ba.

Ka sayar, ka yi sallarka. Sai dai kada ka ce wa mai saye fatar maciji ce ko ta kada don ƙara kuɗi, wannan algus ne.

Wallahu a'alam.