Amsa ga ƙaninmu da tsohuwa ta yi wa karin magana a birnin Pune na Indiya

Wa alaikumus salam ƙanina. Wallahi ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka nuna wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku hotunan ɗakin da dillali zai kama maka, ta girgiza kai ta ce "disata tasa nasata, mhanun jag fasata", kana tambaya ko zagi ne. Ba zagi ba ne. Uwa ce ta yi maka nasiha.

Ma'anarsa: abu ba yadda ake ganinsa yake ba, shi ya sa duniya ke ruɗuwa. Disata wato ana gani, tasa haka, nasata ba ya zama, mhanun shi ya sa, jag duniya, fasata ta faɗa tarko. Ka ji yadda nasata da fasata suka yi amsa-amo, kamar namu karin maganar. Kuma yaren Marathi ne, ba Hindi ba. Kada ɗan Indiyancin da muka tsinta a fina-finai ya ruɗe ka, rubutunsu iri ɗaya ne amma a Maharashtra, jihar da Pune take, tsofaffi da yarensu suke yi maka magana in abin ya taɓa musu zuciya.

Ni a bakin mai shayin unguwarmu na fara jinsa, bayan aikin gama ya gama. Shekarata ta farko na haɗu da wani dillali a unguwar Kondhwa, a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Ga gemu, ga hula, ga carbi, ga ƙamshin turare. Ya riƙe hannuna biyu yana "bhai, bhai", wato ɗan'uwa, wai yana son mutanen Afirka saboda Sayyidina Bilal. Ya kai ni cin biryani, ya hana ni biya. Ni kuwa baƙo, sati uku ban ji wanda ya yi min magana mai daɗi ba, sai na saki jiki. A watan Afrilu ya nuna min ɗaki, sabon fenti fari tas, fanka na juyawa, labule har ƙasa. Na ƙirga masa rupi dubu arba'in na ajiya, hannu da hannu, ko takarda ban nema ba. Kunya ta hana ni. Yaya za ka ce wa mutumin da kuka yi sahu ɗaya ya rubuta maka rasit?

Damina ta sauka a watan Yuni. Kwana huɗu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, fentin nan ya fara kumbura kamar ƙuna, yana ɓarewa, baƙin gansakuka na fitowa daga ƙarƙashi. Bayan labulen nan ashe tsaga ce, yatsana na shiga ciki. Ƙarfe biyun dare na farka katifa ta jiƙe sharkaf, kwamfutata na cikin jaka a ƙasa, ruwa ya sha ta. Na zauna a kan bokiti na rungume fasfo ɗina a ƙirji har aka kira asuba. Na kira dillalin ya fi sau talatin. Da ya ɗauka, mutumin da ke min Turanci tiryan-tiryan sai ya koma bai jin komai sai yarensu. Abin da ya fi ƙona min rai, ashe asalin mai gidan bai ma san ina ciki ba, kuma ya ce ba zai cike min fom ɗin C ba, wato takardar da mai gida ke cikewa ya sanar da hukuma ya sauke ɗan ƙasar waje, ga FRRO, ofishin rajistar baƙi, na jiran adireshina. Har yau in na ji ƙamshin irin turarensa zuciyata tashi take. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, ba zan yi ƙarya ba.

Mai shayin, wanda muke kira kaka (su a wajensu kaka baffa ne, ka ji ikon Allah), shi ya zaunar da ni ya ƙara min wasu. "Durun dongar sajre", duwatsu daga nesa suke da kyau. Na ce ai mu ma mun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, ya yi ta dariya. Sai "varun kirtan, aatun tamasha", a sama waƙar ibada, a ciki wasan 'yan rawa. Musa a baki Fir'auna a zuci kenan, dillalina sak.

To kai dai kada ka ba da ko rupi ɗaya a kan hoto. Je ka da ƙafarka, ɗaga labule, shafa bango, in sabon fenti ne a kusurwa ɗaya kawai ka tambayi dalili. Ka ga mai gidan ido da ido, ka tambaye shi zai cike fom ɗin rajistar baƙin nan ko a'a tun kafin maganar kuɗi. Yarjejeniyar haya ta wata 11 da ake yi a nan a yi mata rajista, kuɗi kuma ta banki. Kuma don Allah ku sababbin zuwa ku daina ɓoye wa na gaba da ku abu, sai ta ɓaci ku zo kuna kuka a nan, ni ma haka na yi.

Tsohuwar nan kuma ka riƙe ta. Ka kira ta maushi, wato inna, ka kai mata ko dabino ne. Ka tambaye ta wane gida ne ba ya yoyo a layin, ta fi kowane dillali sani. In ɗakin a wajen Kondhwa yake ka yi min magana, ranar Asabar ba ni da lacca sai mu je tare.