Amsa: Shin kwana biyu sun isa zuwa gida?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai amfanin barin Abuja ka je Zariya don kwana biyu kacal, tun da kana kiran 'yan uwa a waya kowane mako. Shawarata ita ce ka je.

Ni ma na daɗe ina ganin waya ta wadatar, har na shafe kusan shekara biyu ban taka gida ba. Wata Juma'a na hau jirgin ƙasa daga tashar Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna, na ƙarasa Zariya a mota bayan magariba. Sai da na zauna gaban Gwaggo na gane idonta ya yi rauni sosai, domin da murya take tantance mai shigowa, alhali duk lokacin da na kira, "lafiya ƙalau" kawai take ce mini. A daren ne kuma, muna cin tuwo a zaure, Baffa ya ambata cewa ɗansa ya bar makaranta saboda kuɗin da zan iya biya ba tare da wahala ba. Manya ba sa faɗin irin wannan a waya. Kunya da kara suke hana su. Shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take.

Kada tsadar tsaraba ta tsayar da kai, goro da sabulu da sukari sun isa. Ka keɓe safiyar Asabar don zagaya gidajen dattawa, ka ajiye wayarka a aljihu, sannan ka kamo hanya ranar Lahadi da wuri don ka iso da rana.