Okonomiyaki: fara da irin na Osaka

Hajiya, kin tambayi wanne ya fi sauƙi a gida, okonomiyakin Osaka ko na Hiroshima. Okonomiyaki wata irin wainar kabeji ce ta ƙasar Japan, Osaka da Hiroshima kuma birane ne a can. Fara da na Osaka. A kwano ɗaya ake haɗa fulawa, ƙwai, romon dashi (romon busasshen kifi da ganyen teku) da kabeji yankakke siri-siri, a zuba a kasko. Na Hiroshima kuwa hawa-hawa ake jera shi, har da taliya, juya shi sai gwani.

Kabejin ya fi fulawar yawa sosai, kuma kada ki cika motsa kwaɓin, tauri zai yi. Wuta matsakaiciya, kamar minti 5 kowane gefe, ban da dannawa da cokali. Mutanen Japan naman alade suka fi sakawa, ke sa jatan lande ko naman sa. Ki duba kwalbar miyar da ake shafawa a kai, wasu da giya a ciki.